Yadda ake haɗa maɓallai da ƙananan fitilun alama da na'urar sarrafa kayan kuran a gida

Jama'a, a yau ana samun ƙananan na'urori da ke kunna fitilar tsakar gida, buɗe ƙofa ko tada famfon shato ba tare da mutum ya je wurin ba. Wasu ƴan uwa da ke ci-rani kan aiko da su. A nan Nijar ma abin ba baƙo ba ne: Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwan lambu ta wayar salula, har ta samo masa lambar yabo ta Sarki Hassan na biyu kan harkar ruwa a 2015.

Ko da akwai salula, gida yana buƙatar maɓalli a bango da ɗan haske mai nuna abin da ke gudana, domin ba kowa ke riƙe da waya ba. Ga yadda haɗin yake.

Ƙwaƙwalwar aikin

Wani ɗan allo ne ke karɓar umurni. Waɗanda aka fi sani su ne Arduino, wanda aka soma a garin Ivrea na Italiya a 2005, da ESP32 na kamfanin Espressif na ƙasar Sin. Arduino Uno yana aiki da volt 5, ESP32 da volt 3,3. Kuran na gida volt 220 ne, batirin pano kuma galibi volt 12. Ko ɗaya cikinsu ya shiga ƙafar allon kai tsaye, ya ƙona ta nan take.

Maɓalli

Maɓalli ba ya ba da wuta, haɗa fil biyu kawai yake yi idan an danna. Fil ɗaya ya tafi ƙafar shiga ta allon, ɗayan ya tafi wurin da aka rubuta GND. Sai a sa rezistans mai ohm 10.000 tsakanin ƙafar da gefen +, ko a kunna wanda ke cikin allon. In ba haka ba, na'urar za ta riƙa ganin an danna alhali ba wanda ya taɓa.

Allon maɓallai irin na ƙofa mai lambar sirri an shirya shi layi-layi. Mai maɓalli 12 yana da fil 7, mai 16 yana da fil 8. Kebul ɗin intanet ma fil 8 gare shi, shi ya sa masu gyara ke son sa. Amma kada a bi da shi cikin tiyo ɗaya da fil na 220, domin kusancin yana ruɗa umurni.

Fitilar alama

Ƴar fitilar LED ƙafa biyu gare ta: doguwar ta gefen +, gajerar ta gefen GND. In an juya ta, ba za ta kama ba. Dole a sa mata rezistans a jere. Ja tana cin kusan volt 2, don haka a volt 5 rezistans mai ohm 330 ya isa, a volt 12 kuma mai ohm 1.000.

A nan ne ake yawan kuskure. In an haɗa fitilar da umurnin da allo ya bayar, za ta kama ko da famfon bai tashi ba. Mai gida ya ga haske ya kwanta, da safe shato babu ruwa. Ko kuma fitila ta mutu alhali injin yana ta juyawa a busasshiyar rijiya har ya ƙone. Abin da ya fi, fitilar ta samu labari daga kayan aikin kansa, misali daga ƙaramin maɓallin da ke jikin kontakter, ko daga ɗan ma'aunin da ke iyo cikin shato.

Iyaka tsakanin ƙaramar wuta da babba

Allon ba ya riƙe 220 da kansa. Rele ne ke tsakani: allo ya taɓa rele da ƙaramar wuta, rele ya haɗa babbar. Yawancin ƙananan rele an rubuta ampere 10 a jikinsu. Sun isa ga ampul da fanka, amma injin famfo yana jan wuta mai yawa lokacin tashi, sai an sa masa kontakter.

Maɓallan da yara da mata ke taɓawa da jiƙaƙƙen hannu su tsaya a gefen ƙaramar wuta. Gefen 220 kuwa a bar wa ƙwararren mai gyaran kuran, ya sauke dijankter kafin ya taɓa komai, ya sa fuzibil, ya rufe kayan cikin akwati saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. A kuma bar wani maɓallin hannu da ke kunna famfo ko da allon ya lalace.

Ga ƴan uwa da ke waje: kafin ku aiko da kaya, ku duba abin da aka rubuta a jiki. Na Amurka da Kanada galibi volt 120 ne, wasunsu ba sa jure 220 ɗinmu.