Kunne

kûnnē sn., nm.; jm. kunnuwā̀.

1. Gaɓar ji da daidaita tsayuwar jiki: fatar waje, rami, dodon kunne, ƙasusuwa 3 ƙanana, sai can ciki. Mis.: *Sanyin Jos ya sa yara rufe kunnuwa da hula.*

2. (lafiya) ciwon kunne: kumburi ko mugunya, sau da yawa bayan mura. Mis.: *Daga Daɗin Kowa aka kai jaririn sashen kunne na asibitin JUTH, Lamingo.*

3. kasa kunne: saurara. ja kunne: gargaɗi. kunnen ƙashi: taurin kai.

Dangi: kurmā, jm. kurā̀mē, kurumtā̀, ɗan kunne.

Lura: sosa rami da tsinke ko gashin kaza na iya huda dodon kunne.