Katsi da Laso: Dangantakar Marina da Magina a Ƙasar Zazzau

Galibin masu nazarin ginin gargajiya a Zazzau sukan fara ne da Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846). Mu a wannan takarda ba bakan gizonsa za mu duba ba, sai dai abin da ke hana ruwan sama cin irin wannan gini.

Kamar yadda aka sani, damina ta fi ƙarfi a Zazzau bisa ga Kano da Katsina. Katangar tubali mai kauri tana tsare zafin rana, ta sake shi da dare, shi ya sa soro yake da sanyi da bazara, da ɗumi lokacin hunturu. Amma rufin azara da ƙasa ba ya jure malka sai an shafe shi. A nan ne magini yake bukatar maƙwabtansa. Daga karofi yake samun katsi, watau laka mai taruwa a gindin rijiyar rini, wadda ake ƙonawa a dake. Daga majema yake samun gashin akuya. Sai a kwaɓa su da ruwan dafara, a sami laso, a shafe rufi da bakin indararo. Bango kuwa makuba ake yi masa, daga ɓawon ɗorawa. Ashe ke nan abin da marini da majemi suke zubarwa shi ne simintin magini.

Saboda haka ba mu yarda gaba ɗaya da masu cewa sha'awar zamani kaɗai ta kawo kwano ba. Gaskiya ne gine-ginen hukuma sun zama abin koyi, irin na Kongo a wajen ganuwa, inda aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947. To amma yadin kanti da garin rini na Turai sun riga sun fara kashe karofi, sa'an nan masaƙar Kaduna ta soma aiki a 1957. Duk rijiyar da aka bari ta cike, katsinta ya tafi ke nan. Mai gida a ƙauye da ya ga soronsa yana yoyo, ga azara ta yi tsada don giginya ta ragu, ba za a zarge shi ba in ya sayi kwano, ko da yake ya san ɗakin zai zama tanderu a watan Afrilu. Shi kansa masallacin Babban Gwani an kewaye shi da ginin siminti a shekarun 1970.

A Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu ya sami lambar Aga Khan a 1986 da masallacin ƙasa na Yama, kuma a Dandaji an kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa na inji a 2018. Waɗannan wurare ne masu ƙarancin ruwa. Mai zana wa masu sana'a gida a Kudan ko Maƙarfi, kafin ya zaɓi tubali, wajibi ne ya fara gano abin da zai maye gurbin katsi a kan rufi, da kuma wanda zai riƙa sabunta shi kafin kowace damina.