Daga ƙoƙon bara zuwa takardar doka: yadda haƙƙin nakasassu ya iso ƙasar Gumel

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Raƙuma da shanu da tumaki suna shigowa daga Nijar, fatake suna zuwa daga kudu, kuɗi masu yawa suna sauya hannu kafin la'asar. A bakin hanyoyin kasuwar kuwa akwai makafi da 'yan jagoransu, da guragu a kan kekunan hannu, da kutare, kowa da wurin zamansa. Yawancin masu wucewa ba su san cewa waɗannan mutane suna da doka ta jiha da ta tarayya da aka rubuta dominsu ba, kuma da yawa daga cikin su kansu ba a taɓa karanta musu ita ba. Doguwar hanya dokar ta biyo kafin ta iso nan.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da tsarinta. A manyan garuruwa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sarautu ne na gaske da fada ta san da su. Su ke sasanta rigimar mutanensu, su sauki baƙo, su raba abin da ya zo daga hannun sarki ko attajiri, su kai kuka fada idan an ci zarafin wani nasu. Addini ma ya ba wannan tsari gindin zama: akwai zakka da sadaka, kuma kowane ɗalibin makarantar allo ya san Suratu Abasa ta sauka ne game da makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya yi ladanci, har Manzon Allah (SAW) yake barin sa a kan al'amuran Madina idan ya yi tafiya. Bai kamata a raina wannan gado ba, domin ya ba nakasasshe murya da wakili a lokacin da ƙasashe da yawa suke ɓoye nasu a ɗaka. Amma yana da iyaka. Abin da ya tanadar wa makaho shi ne wurin zama a ƙofar masallaci da rabo daga hannun mai bayarwa. Idan mai bayarwa ya hana, babu alƙalin da za a kai shi gabansa.

Zamanin Turawa ya kawo asibitoci da makarantu, yawancinsu a hannun mishan: wurin jinyar kutare na Yadakunya kusa da Kano, asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. An warkar da mutane, an koya wa wasu karatu da sana'a. Sai dai duk waɗannan suna da nisa da Gagarawa da Sule Tankarkar na ƙasar Gumel, waɗanda a lokacin suke can gefen lardin Kano, kuma tunanin da ke bayansu na jinya ne da tausayi.

Maganar doka ta fara ne a zamanin soja. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 a matsayin shekarar nakasassu, ƙungiyoyinsu a Najeriya suka haɗu a inuwa ɗaya ta JONAPWD a 1992, sannan a 1993 gwamnatin Janar Babangida, wadda ita ce ta ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, ta fitar da dokar soja kan nakasassu. Dokar ta yi alkawarin ilimi da magani da aiki, amma ta mutu a kan takarda. Da aka dawo mulkin farar hula, Tsarin Mulkin 1999 ya zo da giɓi babba. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci nakasa ba. Inda aka ambaci jin daɗin nakasassu, a babi na biyu ne, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Ke nan kurman da aka hana aiki saboda kurumtarsa ba shi da wata ƙofa bayyananniya da zai ƙwanƙwasa.

A nan ne Jigawa ta yi abin da ya ja hankalin ƙasa. Sule Lamido, wanda ya taso a siyasar Malam Aminu Kano, ya hau kujerar gwamna a watan Mayun 2007, kuma a shekarar ya kafa tsarin biyan nakasassu naira 7,000 kowane wata, mutum 150 daga kowace ƙaramar hukuma cikin 27 na jihar. Jimilla 4,050 ke nan, kuma 600 daga cikinsu a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Don a gane nauyin kuɗin a lokacin, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 5,500 ne. Wato gurgu a ƙauye yana iya karɓar abin da ya fi wanda doka ta tilasta a biya ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci, a ganina, shi ne an bi da shi ta majalisar dokokin jiha ya zama doka. Kyautar gwamna tana tafiya da gwamna. Abin da aka sa a doka yana da wuyar cirewa. Shi ya sa da mulki ya koma hannun wata jam'iyya a 2015 tsarin bai rushe ba.

Amma a faɗi gaskiya game da shi. Mutum 150 da aka fara da su a kowace ƙaramar hukuma ɗigo ne, musamman a yankin da shan-inna da kyanda da sanƙarau da amodarin ido suka daɗe suna barin tabo. Yaran da shan-inna ta kama a shekarun da aka yi ta ja-in-ja kan allurar rigakafi, wajen 2003 da 2004, yanzu samari ne da 'yan mata, wasu da iyali. Duk inda gurbi ya yi kaɗan kuma masu buƙata suka yi yawa, tambayar wa ya shiga jerin suna, wa ya sa shi, ba ta ƙarewa. Ga kuma darajar naira. A zamanin Gwamna Umar Namadi an ɗaga alawus ɗin zuwa naira 10,000, abin a yaba ne, amma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Abin da ya taɓa zarce albashi yanzu kashi ɗaya ne cikin bakwai nasa. Sannan alawus, komai yawansa, ba ya sa a karɓi yarinya makauniya a makarantar firamaren garinsu, ba ya sa ma'aikacin asibiti ya fahimci maganar hannu ta kurma.

Waɗannan su ne abubuwan da gwagwarmayar tarayya ta sa a gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin nakasassu a watan Disamban 2006, Najeriya ta sa hannu a Maris na 2007, ta tabbatar da ita a Satumban 2010. Mayar da ita dokar gida kuwa ya ɗauki kusan shekara tara. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin a 2011, ta sake a 2015, duka biyun Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. Waɗanda suka hana maganar mutuwa nakasassun ne da kansu, irin su David Anyaele, ɗan kasuwar da 'yan tawayen Saliyo suka datse wa hannuwa biyu a 1999, ya dawo gida ya kafa cibiyar fafutuka. Jihohi ba su jira Abuja ba. Filato da Legas sun riga sun yi tasu, Jigawa ma ta yi dokar nakasassu a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar tun kafin ta tarayya ta fito. A watan Janairun 2019, ana dab da zaɓe, aka tambayi Shugaba Muhammadu Buhari game da ƙudirin a wani shirin talabijin, ya ce bai iso gabansa ba. Nakasassu suka tare hanyar majalisa a Abuja da kekunansu da sandunansu. Ranar 23 ga watan ya sa hannu.

Ya kamata kowane mai unguwa da limami a ƙasar Gumel ya san abin da ke cikin wannan doka, domin ba ta da wuyar fahimta. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, idan kotu ta same shi da laifi, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Idan kamfani ne, naira miliyan ɗaya. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da tasa ƙarar ta neman diyya. Ilimi kyauta ne har sakandare. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A layin banki ko asibiti, a fara da nakasasshe. An haramta ɗaukar nakasasshe a riƙa yawo da shi ana bara da sunansa. An ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu yadda keken guragu zai hau, kuma jami'in da ya amince da zanen ginin da bai cika wannan sharaɗi ba shi ma yana fuskantar tara ko ɗauri. An kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙara da cewa a taimaka wa makafi da sauran masu buƙata ta musamman a rumfar zaɓe da kayan da za su sa su yi zaɓe da kansu.

Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika a watan Janairun 2024. Duk mai ido zai iya zagaya sakatariyoyi da makarantu da kotunan yankinsa ya ƙirga matattakalar da har yanzu gurgu sai ya sauka daga keke ya ja jiki kafin ya haye ta. Abin da ya fi ciwo shi ne idan ginin kotu ne, wurin da aka ce ya kai kukansa.

Inda tarihin ya tsaya ke nan a yanzu, kuma ina ganin matsalar ta daina zama ta rashin doka. Doka ba ta kai kanta gaban alƙali. Sai wani ya ɗauke ta. Hanyoyin suna nan: Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 don wanda ba shi da kuɗin lauya, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa ta 1995, da ƙa'idojin kotu na 2009 da suka ba ƙungiya damar shigar da ƙarar take haƙƙi a madadin wanda ba zai iya ba. Sai dai ofisoshin waɗannan hukumomi a babban birnin jiha suka fi zama, kuma daga ƙauyen Sule Tankarkar zuwa Dutse tafiya ce mai cin kuɗin mota, ga na ɗan jagora. Makarantun musamman na jihar ma nesa suke, ta kurame a Haɗeja, ta makafi a Dutse. Ga kuma kunya da kawaici irin namu: mutumin da aka saba masa da cewa "Allah ya ba mu, mu samu" bai saba cewa "wannan nawa ne" ba, kuma danginsa za su ce masa ya yi haƙuri, kada a ce ya kai na gaba ƙara.

Waɗanda suka fi kowa sanin wa aka kora daga makaranta, wa aka cinye wa gado don ba ya gani, wace kurma aka ci wa zarafi aka rufe maganar don ba ta iya ba da shaida da baki, su ne sarakunan makafi da na guragu da shugabannin ƙungiyoyinsu na ƙananan hukumomi. Sun gaji aikin kai kuka tun kaka da kakanni. Abin da ba a ba su ba shi ne dokar jiha da ta tarayya cikin Hausa, a rubuce da boko da ajami, a karanta a rediyo, da lauya ko ɗaya da zai riƙa zama a Gumel a wata sananniyar rana yana sauraron ƙorafin ƙananan hukumomin huɗu, da mai fassara maganar hannu a kotun majistare da ta shari'a. Majalisar masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Gumel Alhaji Ahmad Muhammad Sani, wanda ya haura shekara arba'in a kan gado, tana da hakimai da dagatai a kowane lungu, kuma shugabannin ƙananan hukumomin huɗu suna da hurumin sa kuɗin wannan aiki a kasafinsu na shekara.