Ijazar Likitanci a Bagadaza

A shekara ta 319 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 931 Miladiyya, labari ya isa kunnen Halifa Muƙtadir cewa wani likita ya yi kuskure a kan wani talaka har rai ya yi halinsa. Nan take ya umarci muhtasibi, mai sa ido kan kasuwanni da sana'o'i, da ya hana kowa taɓa majiyyaci a Bagadaza sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba, ya kuma ba shi takarda da hannunsa. Shi Sinan ɗin nan ɗan gado ne, domin mahaifinsa shi ne Sabit bin Ƙurra, malamin hisabi da falaki mutumin Harran, kuma a hannun Sinan al'amuran asibitocin birnin suke, har da wanda aka buɗe da sunan mahaifiyar Halifa a 918, ana kashe masa dinari 600 kowane wata.

Marubucin tarihin likitoci Ibn Abi Usaibi'a ya ruwaito cewa waɗanda aka jarraba sun haura 860, ban da mashahurai da masu yi wa fada hidima, waɗanda aka ɗauke wa jarrabawar, kai ka ce shuhura tana hana kuskure. Amma abin lura a tsarin shi ne, takardar ba ta zama ijaza muɗlaƙa ba, sai dai tana ambata wa kowa fannin da ya halatta ya yi aiki a ciki, gwargwadon abin da aka ga ya sani.

Daga cikin masu zuwa har da wani dattijo mai kwarjini da tufafi na alfarma, wanda Sinan ya girmama ya nemi jin malamansa. Sai dattijon ya zaro ƙunshin dinari daga hannun riga, ya ce shi karatu da rubutu ba su ishe shi ba, amma yana da iyali, kuma da wannan sana'a yake ci da su. Sinan ya yi dariya, ya bar shi bisa sharaɗin kada ya yi wa kowa tsaga ko ya ba da maganin wankin ciki sai a ciwo mai sauƙi. Dattijo ya ce ai shi bai taɓa wuce jiƙon zuma da ruwan wardi ba. Kashegari wani saurayi mai fasaha ya zo, aka tambaye shi a wurin wa ya yi karatu, ya ce wurin mahaifinsa, dattijon jiya. Sinan ya ɗora masa sharaɗin ubansa, ya sallame shi.