Kason Ɗari ko Ƙofar Biya? Martani kan Dokar Gasa da Shagunan Manhajoji

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin wasu masana tattalin arziki, cewa rigimar biyan kuɗi a cikin manhaja faɗan masu abu da abinsu ne, babu ruwan hukumomin gasa na ƙasashe irin Chadi. Tarihin sananne ne: ƙarar Epic Games da Apple a Amurka (2020), dokar Koriya ta Kudu (2021), da tarar Yuro miliyan 500 da Tarayyar Turai ta ci Apple (2025). Masu wannan ra'ayi sun ce gardamar duk a kan kaso 30 cikin ɗari ce da shagunan manhajoji ke karɓa, kuma tun 2021 aka rage wa ƙananan masu manhaja shi zuwa 15. Da wuya a ce wannan fahimta ta kamo bakin zaren.

A unguwar Ridina ta Ndjamena, mai waya zai tsaya gaban rumfar wakili, ya miƙa jaka biyu, a zuba masa a Airtel Money ko Moov Money. Katin banki kuwa na ƙalilan ne. Idan shagon manhajoji ya wajabta a biya ta hanyarsa kaɗai, ya kuma hana mai manhaja nuna wa mai saye wata hanya, to shagon ne ke zaɓar wanda kuɗinsa zai ciyu. M-Pesa ta shiga Google Play a Kenya a 2018, katin Verve a Najeriya a 2023, kowanne sai da mai shago ya ga dama. Mai sayar da finafinan Hausa ta manhaja ba kaso kaɗai yake asara ba, cinikin ne gaba ɗaya zai iya kuɓuce masa.

Hujjar masu wancan ra'ayi mafi ƙarfi ita ce Android a buɗe take. Ana tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender, don haka, a cewarsu, babu babakere. Gaskiya ne ana yi, har ya zama ruwan dare. Sai dai wayar na fito da gargaɗi kafin a ɗora irin wannan manhaja, yawanci ba ta sabunta kanta, kuma mai saye ba shi da tabbacin ba a yi mata cushe ba. Wa zai saka lambar sirrin asusunsa a ciki da kwanciyar hankali? Hanyar da mai saye ke ɗari-ɗari da ita ba kishiya ba ce a ma'aunin dokar gasa.

Amma dole a taƙaita da'awar. Hujjojin da ke hannu ba su kai a ce hukuma ta ƙayyade kaso ba. A Koriya, bayan dokar, maki huɗu kacal Apple da Google suka rage wa wanda ya bi wata hanyar biya. Abin da za a iya karewa shi ne haramta sharaɗin da ke rufe bakin mai manhaja. Chadi ita kaɗai ba ta da nauyin tilasta wannan. Dokar gasa ta 2019 ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin da Chadi ke ciki, ce ta fi dacewa, kuma tarar dala miliyan 220 da hukumar gasa ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta a 2024, ko da yake a kan wani batu ne, ta nuna manyan kamfanonin ba su fi ƙarfin tuhuma a Afirka ba.