Baƙon Jiya, Ɗan Garin Yau: Waiwaye Kan Tarihin Ƙaura a Ƙasar Katsina

 

Ya 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata kalma da na ji a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Kurfi. Wani yaro ne ya yi wa ɗan ajinsu gori da cewa "ɗan gudun hijira", domin iyayensa sun baro ƙauyensu na yankin Safana saboda 'yan bindiga. Na tsawata masa, amma daga baya na ga cewa laifin namu ne manya, da ba mu gaya wa yara tarihin ƙasarsu ba.

Alal haƙiƙa, da hannun baƙi aka gina martabar Katsina. Wangarawa, malamai da fatake daga ƙasar Mali, sun shigo ƙasar Hausa tun ƙarni na 14, suka zo da littafi da ciniki tare. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Al-Maghili, mutumin Tilimsan ta Aljeriyar yau, ya sauka Kano da Katsina ya karantar. Shi kansa Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma Katsinawa ke alfahari da shi har gobe, asalin gidansu Barno ne. Haka Agalawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin, sun zauna ƙasar Katsina da Kano, suka zama ginshiƙan fataucin goro zuwa Gwanja. Wa ke kiran jikokin waɗannan mutane baƙi a yau?

Sai dai ƙaura ba alheri kaɗai take haifarwa ba, musamman idan tilas ce ta kawo ta. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina a wajen 1807. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Masu gudu ba su manta gida ba. Shekaru da dama aka yi ana kai hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu, ƙauyuka da yawa na yankin Ruma, maƙwabtanmu, suka watse. Duk da haka zumuncin bai yanke ba. Ga shi sarautar Hakimin Kurfi ma Maraɗin Katsina ce, suna ɗaya da wancan birni.

Ka duba yadda zamani ke juyawa, ya mai karatu. A farin 1973 da 1974 mutanen Nijar ne suka kwararo mana neman abinci. A 2019 kuwa, dubban mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina ne suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Wanda ya ba da masauki jiya, shi ya nemi masauki yau.

Ba na musun cewa yawan baƙi yana da nauyi. Wanda ya san Dutsin-Ma kafin a kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ya san yadda kasuwa ta buɗe, ya kuma san yadda kuɗin haya ya tashi. Zuwan waɗanda aka raba da gonakinsu ya ƙara matsin. Amma tarihi ya nuna cewa irin tarbar da aka yi wa baƙo ita ke yanke hukunci: ko ya zama jari, ko ya zama miki.

Madina ita ce madubinmu. Bayan hijira a 622, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar. Sa'ad bin Rabi' ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Mai gida ya buɗe hannu, baƙo ya kama sana'a. Saboda haka, in ba ka da ɗakin bayarwa, nuna masa kasuwa, ka sa ɗansa a aji, ka kuma kame bakinka daga gori.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu, amin. Wassalam.