Sabon Gari Da Samaru: Abin Da Yaƙi Ya Bari A Gidajenmu

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. A 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya nufi Kano, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kudu. Turawa ba su so a cuɗa baƙin da mutanen cikin ganuwa ba, don haka aka yanka masu fili kusa da tasha. Samaru kuwa gonar gwaji ta gwamnati ce mafarinta a 1922, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika ta da mutane daga ko'ina. A 1929 mishan ɗin CMS ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa. A irin waɗannan unguwanni Kiristocin Zariya suka gina majami'unsu, suka haifi 'ya'yansu, ni ma a nan aka yanke cibiyata.

Mai karatu, yaƙi ba baƙo ba ne a garin nan, domin tun 1924 ake horar da kuratan soja a Daffo. Daga cikinsu akwai waɗanda aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sunan barikin Chindit ma daga can ya samo asali. Muna yara mun tarar da tsofaffin sojan Bama suna gadi a kantuna, ranar Lahadi wasunsu kan zo sujada da lambobin yabo a ƙirji. Sun yi yaƙi don 'yancin Turawa alhali su kansu ba su da shi, sai da aka kai 1 ga Oktoba, 1960.

Murnar ba ta cika shekara shida ba. A Mayun 1966 Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta soke mulkin jihohi, ɗalibai suka fito zanga-zanga, kafin ka ce kwabo abin ya koma kisan 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Zariya. Na watan Satumba da Oktoba ya fi muni. Tashar nan da ta kawo mutane ita ce ta kwashe su, rabin kujerun majami'armu suka zama wayam.

A layinmu akwai wani kafinta Ibo mai mata da 'ya'ya huɗu. Wanda ya ɓoye su kwana uku a ɗakin uwargidansa wani mahauci ne Musulmi, mahaifina kuma, da yake ma'aikacin reluwe ne, shi ya shigar da su jirgi da asuba. Mabuɗin gidan a hannun mahaucin ya zauna. Ya zuba 'yan haya, yana tara kuɗin a gwangwani, da mai gida ya dawo bayan yaƙi ya ƙirga masa abinsa cif.

Yaƙin basasa ya ɓarke ran 6 ga Yuli, 1967, ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970. Wanda ke riƙe da ƙasar, Janar Yakubu Gowon, a Wusasa ya tashi, ɗan mai wa'azin bishara ne. Wannan shi ne abin da ya fi yi mana nauyi mu Kirista: a fagen fama sau da yawa mai harbi da wanda ake harbi Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa. Kawuna ya shiga soja a 1968, ya dawo da ƙafafunsa biyu, amma har ya koma ga Ubangiji bai yarda ya ba da labarin abin da ya gani ba, sai dai idan ana addu'a aka ambaci yaran da yunwa ta kashe ka ga ya sunkuyar da kai. Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, magana ce mai kyau, amma wanda ya dawo aka ba shi fam 20 a madadin ajiyarsa ta banki ya san akwai wanda ya yi asara.

Wutar ba ta mutu a nan ba. A Maris 1987 rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona majami'u masu yawa. Ran 17 ga Yuni, 2012, bam ya tashi a babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA a Wusasa, a ranar kuma aka tare hanya a Kaduna aka kashe Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba, da sunan ramuwa. Duk wanda zai ba da labarin farko, wajibi ne ya haɗa da na biyu.

Yanzu mu da muka ga 1966 da idonmu mun haura saba'in, adadin da Zabura ta 90 ta ƙiyasta wa ɗan Adam, kowace shekara kuma sai mun raka wasunmu makabarta. Abin da ke damuna shi ne gadon da za mu bari. Jikokinmu sun haddace ranar da aka ƙona coci, amma ba su san mahaucin da ya kwana a bakin ƙofa yana gadin baƙinsa ba, domin mu ne ba mu faɗa masu ba. Yaron da aka shayar da rabin labari shi ake samu a sahun gaba ranar tarzoma.

Yafiyar da Yesu Almasihu Ya koya mana ba ta hana faɗin gaskiya, ramuwa ta hana. 'Yanci kuma, a ɗan sanina, shi ne mutum ya tafi majami'a ko masallaci ya dawo gida lafiya, maƙwabcinsa ya ce masa sannu da dawowa. Saboda haka ina roƙon dattawan Samaru da Sabon Gari, da iyayenmu na Zumuntar Mata, da 'yan'uwanmu Musulmi, mu zaunar da yaran nan mu ba su labarin gaba ɗayansa tun muna da sauran ƙarfi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.